Gidan da Maza Ba Sa Kai Hamsin

Wata rana wasu ma'aikatan lafiya suka yi sallama a shagon wani kafinta a Funtuwa. Sunansa Dayyabu.

Shekararsa arba'in da bakwai a lokacin, kuma shi a ransa ya riga ya gama da duniya.

Ga dalili.

Mahaifinsa ya faɗi a gona yana da arba'in da takwas, bai sake tashi ba. Babban wansa ya idar da sallar Azahar, bakinsa ya karkace, ɓarin jikinsa ya shanye, kwana tara ya cika. Mai bi masa kuwa ciwon kai kawai ya ce yana ji, kafin a samo mota rai ya yi halinsa.

Duk cikinsu babu wanda ya kai hamsin.

Tun ana raɗe-raɗi har aka koma faɗa a fili, wai baki aka yi wa gidan. Wasu su ce kakansu ne ya ci gonar marayu, wasu su ce iska ce. Dayyabu ya sha rubutu, ya yi hayaƙi, ya yi sadaka. Da ya gaji sai ya zuba wa sarautar Allah ido.

Ya daina karɓar aikin da zai ɗauki watanni. In matarsa Tasalla ta kawo zancen gyaran ɗaki ko karatun yara na gaba, sai ya ce ta dai riƙe a ranta, ita za ta gani. Ta shiga ɗaki ta yi kukanta, ta wanke fuska ta fito.

To, su waɗannan baƙi daga wani asibitin koyarwa suke. Sun ce shekara da shekaru suna bin dubban mutane gida-gida, suna rubuta abin da suke ci, da aikin da suke yi, da cutar da ke damunsu. In wani ya rasu su koma su tambayi yadda aka yi, don a gano abin da ya fi ɗauke mutane da ƙuruciyarsu.

Dayyabu ya ce su wuce, shi ba ya son tone-tone.

Tasalla ce ta zo kawo masa abinci ta tarar da su. Ta ajiye kwano ta ce wallahi ba za ta koma gida ba sai ya zauna an auna shi.

Ya zauna, yana gunaguni.

Shugabarsu wata dattijuwa ce mai farin gilashi. Ta tambaye shi mamatan gidansu ɗaya bayan ɗaya. Yana faɗa tana rubutawa. Ta tambaye shi ko shi ma yana jin ciwo a ƙeya da safe, ko jiri in ya sunkuya ɗaukar katako.

Ya ɗago ya dube ta. Bai taɓa gaya wa kowa ba, ko Tasalla.

Ta ɗaura masa abin awo a damtse. Ta duba. Ta ce ya huta, ta sake aunawa a ɗaya hannun.

Da ya ga haka sai ya ce:

"Hajiya, kada ki ɓoye min. Saura nawa?"

"Wannan sanin Allah ne, Malam. Abin da na sani shi ne, abin da ke bin gidanku yana da suna. Hawan jini ne. Kuma yana da magani."

Ta ce ta ga irin gidansu ba adadi a cikin takardunsu, a birni da ƙauye, kowanne yana zaton shi kaɗai aka yi wa baki. Ciwon yana bin jini, gishiri da taba da rashin awo su ƙara masa ƙarfi. Waɗanda suka gane da wuri suka riƙe magani kuwa, da yawansu ga su nan suna ta harkokinsu.

 Sai Dayyabu ya fara dariya, hawaye na zuba. Shekara ashirin yana gudun abin da ba ya gani, ashe abu ne da ake aunawa a minti biyu.

Ranar aka tura shi asibiti. Ya fara shan ƙwayar magani kullum da safe. Taba ta ba shi wuya, sai da ya yi faɗi-tashi kusan shekara kafin ya rabu da ita. Tasalla ta rage gishiri da dunƙule a miya, ya yi mita har ya saba.

Ya tattara ƙannensa da 'ya'yan 'yan'uwansa su goma sha ɗaya ya kai su awo. An samu huɗu da ciwon, har da wata mai shekara talatin.

Bana Dayyabu ya cika hamsin da shida. Gemunsa ya yi fari fat.

Ya ce wani lokaci yakan tsaya gaban madubin da zai sa wa kwabar mutane ya yi ta kallon kansa, domin bai taɓa ganin yadda fuskar gidansu take in ta tsufa ba sai a nan.

Darasi: Ajali na Allah ne, amma Shi ne ya ce a nemi magani. In ciwo iri ɗaya yana ɗauke 'yan gidanku, kafin ku zargi wani ku fara zuwa a auna ku.

Tura wannan labari zuwa zauren danginku. Akwai mai ciwon ƙeya a ciki da bai gaya wa kowa ba.