Sa Hannun Alhaji Jalo

Muntari ɗan Mainika ne, kuma duk Gwarzo an san yana tuƙa jirgin sama, ko da yake mataimaki ne, mai kujerar dama. Mutum ne mai kunya har ta yi masa yawa, ita ce ma ta kusa kai shi ƙasa.

Ƙa'idar kamfaninsu a fili take: mataimaki ya rubuta awannin da ya tashi a littafinsa, kyaftin ya sa hannu. Shekara uku yana tashi da Alhaji Jalo, sa'an babansa, bai taɓa miƙa masa littafin ba. Wai yaya zai tsare dattijo da biro kamar ɗan sanda? Kai, Muntari!

Da tattalin arziki ya karye, kamfanin ya rufe, Muntari ya koma sayar da taki a Kabo. Shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Kano, wani kamfanin jigilar alhazai ya nemi mataimaka masu awa dubu ɗaya da ɗari biyar. Da Muntari ya je neman aikin, suka buɗe littafinsa, babu sa hannu ko ɗaya. Suka ba shi mako guda ya samo sa hannun.

Ya hau acaɓa zuwa Gude, inda Alhaji Jalo ya koma noma. Bayan doguwar gaisuwa ya durƙusa ya faɗi abin da ke tafe da shi.

"Ba na sa hannu a makance," in ji tsohon. Ya shiga gida ya ɗauko nasa littafin, suka zauna a gindin darbejiya suna bi layi-layi har la'asar. Da suka zo kan tafiye-tafiyen wani ƙaramin jirgi, sai ya soke su.

"Baba, ai ina kan kujerar."

"Kana kai, amma wannan jirgin matuƙi ɗaya doka ta ce. Rakiya ka yi mini, ba a rubuta rakiya."

Awa talatin da ɗaya suka tafi. Muntari ya ji kamar ya fashe da kuka, ya kasa haɗa sauran. Alhaji ne ya haɗa da kansa yana motsa leɓe: dubu ɗaya da ɗari biyar da tara.

Ya sa hannu shafi bayan shafi, ya rufe littafin ya miƙa masa.

"Ni ma da laifina, ban taɓa cewa kawo ba. Tashi ka kama hanya. Bana matata Sabuwa za ta sauke farali, kuma tsoron jirgi take. Zan gaya mata kana gaban jirgin."