Jan Layin Sa'idu

Shekara huɗu ke nan cif. Da hantsi ne, ina shagona na maganin dabbobi a Jahun, ina auna wa wani mutum maganin tsutsar ciki, sai wayata ta yi ƙara. Wata murya da ban sani ba ta ce, "Kai ne yayan Sa'idu? Sai haƙuri. Mota ta faɗi da su a hanyar Dutse." Na gama awon, na ƙulle ledar, na miƙa wa mutumin. Bayan ya tafi ne na zauna a ƙasa.

Sa'idu ƙanena ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ni a sakandare na tsaya, shi ya wuce, ya zama mai rubuta manhajar kwamfuta a Dutse. Na daɗe ban gane aikinsa ba, sai ranar da ya zo gida Aujara na ce ya yi mini bayani da Hausar da zan ji.

Ya ce, "Hamma, ka tuna in rani ya yi Baffa zai sauke shanu a gonar wani don taki? Me yake fara yi?"

Na ce mahaifin namu yakan kira shaidu. A faɗi daren da shanu za su kwana, da rijiyar da za su sha, da abin da za a yi in sun shiga rogon maƙwabci.

Ya ce to haka manhaja biyu suke in za su yi hulɗa. Ƙofar da ɗaya ke buɗe wa ɗaya ita ake kira API, kuma akwai takardar da ake rubuta sharuɗɗan: abin da za ka turo, abin da za a mayar maka. Shi abin da ya ƙera ƙari ne da ake liƙa wa manhajar da suke rubutu a cikinta. Kana rubuta takardar yana bin ka. Inda ka faɗi abin da zai faru in komai ya tafi daidai, ka yi shiru a kan in an samu matsala, sai ya ja maka jan layi a ƙasa.

Na ce, "Wato Baffa ka saka a kwamfuta."

Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Baffa ya fi shi faɗa."

Kyauta ya ɗora shi a intanet, kowa ya ɗauka. Wannan ma ban sani ba sai daga baya.

Kuskuren nawa ne, kuma gara in faɗe shi a nan. Kafin rabon gado na ɗauki kwamfutarsa na kai wa mai gyara, na ce ya goge komai. A gidanmu ba a bincike kayan mamaci. Abin da ya ɓoye yana raye, mu ba mu da hurumin buɗewa, kuma kwamfutar hannun matarsa da 'yarsa za ta koma. Layin wayarsa ma na bari ya mutu, don ba na iya jin ana kira ana neman sa. A ganina sutura na yi masa.

Bayan wata shida wata abokiyar aikinsa, Malama Rukayya, ta zo har shago. Ta yi ta'aziyya, sannan ta tambayi kwamfutar. Da na gaya mata, ta ce, "Yaya, makullin yana ciki." Ba mai iya gyara ƙarin ko sabunta shi sai da wannan makulli, ko da lambar da ake turowa layin da na bari ya mutu.

Ta nuna mini shafin da ya ɗora ƙarin a wayarta. Mutane suna rubuto masa daga wuraren da ban taɓa jin sunansu ba. Wani na godiya, wani na ƙorafin wani abu ya daina aiki. Ta fassara mini ɗaya: "Ɗan'uwa, kana nan kuwa?" Har yau suna rubutowa. Ba wanda ya gaya musu.

Yanzu an ce akwai manhajoji masu rubuta irin wannan takarda da kansu, cikin ƙiftawar ido. Nakan tambayi kaina me Sa'idu zai ce. Ina jin ba zai ji haushi ba. Zai karanta abin da suka rubuta a hankali, ya sa yatsa a wani wuri ya ce, "To, in shanun sun shiga rogo fa?" Abin da nake kasa haɗiyewa shi ne, mutumin da ya ƙera abin kama shiru, shi bai rubuta wa kowa wanda zai riƙe aikinsa in ba ya nan ba. Shekararsa talatin da ɗaya. Wataƙila ya ɗauka da sauran lokaci.

Akwai mafita. Masu kula da shafin za su iya miƙa wa Malama Rukayya ƙarin in dangi suka rubuta takardar amincewa, aka haɗa da shaidar rasuwa. Ta rubuto takardar tun bara. Na karanta sau uku, na ɗauki jan biro na ja layi a ƙarshenta. Na ce, "Malama, ba ki faɗi wanda zai karɓa in ke ma Allah ya yi miki rasuwa ba."

Ta dube ni, idonta ya ciko. Ta ce, "Wallahi kamar shi."

Ta ƙara layin, ta samo wanda za a rubuta, ta dawo mini da ita watan jiya. Yanzu ba ni da sauran hujja. Na san abin da ya rage na Sa'idu ba sunansa da ke saman shafin ba ne. Wannan ɗabi'a ce ta faɗin magana duka kafin a fara, wadda ya ɗauko daga Baffa, wadda mutanen da ba su san Aujara ba suke aiki da ita kullum. In na ci gaba da riƙe takardar, abin zai lalace a hannunsu, su watsar.

Amma ranar da na sa hannu za a rubuta a shafin cewa ya rasu, kuma daga ranar ba wanda zai sake tambayar ko yana nan.

Allah Ya jiƙansa, Ya jiƙan Baffa. Takardar tana cikin durowar shagona. Ban sa hannu ba tukuna.