Kiran da ban mayar miki ba, Malama Atikatu

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, sha huɗu ga Maris, 1989, wani direban Bawku ya tsaya a ƙofar gidanmu a Yendi ya ce kin rasu. Yaranmu suna lafiya, maigidana Malam yana fama da ƙafa, ni kuwa na kasa haɗa ido da kowa.

Ina da shekara arba'in da biyu kika riƙe hannuna a ajin manya har na rubuta sunana. Da ɗana Hudu ya sami aiki a Tema, wata huɗu babu wasiƙa, na rame. Akwai waya a wurin aikinsu, amma mai ɗauka Turanci kawai take yi. Kika zaunar da ni, kika kara ludayi a kunne kina kwaikwayon matar. In ce "fut mi turu", wato haɗa ni da shi. In ta ce "hol on", in jira, kada in ajiye. In ba ya nan, in ce "ai wil kol bak", zan sake kira. Ranar da na ji muryar Hudu, kina bayana a gidan waya.

Amma a kasuwa cewa na yi Hudu ne ya koya mini. Kin ji, kika rufa mini asiri.

Watan jiya aka zo rumfata aka ce ana kirana daga Bawku, inda aure ya kai ki. Masu man kaɗe daga Karaga suna jirana. Na je gidan waya na ɗauka, na ji muryarki ta yi ƙasa, kina cewa akwai maganar da kike so mu yi. Na ga mutane a layi suna kallona, sai na ɗaga murya na ce, "Ai wil kol bak."

Kika yi dariya. "Kin iya, Mma Abibatu."

Na ajiye. Kasuwa uku ta ci, ban kira ba.

Allah Ya gafarta miki, Ya haskaka kabarinki, Ya sa Aljanna ce makomarki. Allah Ya ba maigidanki Malam Issahaku da iyayenki a Salaga haƙuri.

Malam Issahaku, in ta faɗa maka abin da take so ta gaya mini, ka rubuto kafin sadakar arba'in. Zan karanta da kaina. Ita ta koya mini.