Yankan Bahago

Kawuna ya shekara talatin yana noman lambu a wani ɗan fili da ke bayan gari, wanda kakanmu ya bar musu shi da mahaifiyata, rabi da rabi. Da hagu yake komai, shi ya sa kowa ke ce masa Bahago. Yana kuma da wata ɗabi'a: ba ya fizgar tattasai da hannu kamar sauran manoma, sai ya sa wuƙa ya yanke karan a karkace, ya bar tsawon gaɓar yatsa. Ya ce haka ba ya saurin ruɓewa.

Duk sati yana ɗauro mana kwando a bayan keke. Mama ta yi godiya sama-sama, yana fita ta raba wa maƙwabta, ragowar ya yi yaushi a lungun kicin. Ita sai babban kantin nan mai sanyi, inda ake jera tattasai huɗu a faranti, a naɗe da leda, a manna takarda mai sheƙi. Abin yana ci min rai, amma in na buɗe baki sai ta ce na fiye iyayi.

Ana haka wani mai gine-gine ya zo neman filin. Kawu ya ce ko kusa. Mama ta ce rabinta dai nata ne. Rijiyar kuwa a rabinta take, kuma in babu rijiyar, lambun ya mutu.

Ranar da Kawu ya zo roƙonta kada ta sayar, ta shiga kicin ta ɗauko farantin kanti ta dire masa a gaba.

“Duba nan, Bahago. Wannan mutane ke ci yanzu. Wa ke ta naka mai ƙasa-ƙasa?”

Ya yage ledar, ya ɗauki ɗaya ya juya, ya ɗauki na biyu. Sannan ya miƙa mata saitin ido.

“Yaya, dubi karan. Shekaranjiya na yanke shi da hannuna. Wani dillali mai mota ke zuwa ya kwasa.”

Na leƙa. Ga yankan nan a karkace, duk huɗun. Dariya ta ƙwace min, na ɗauka magana ta ƙare ke nan. Mama ta kalli tattasan, ta kalli ƙaninta, ta taɓe baki.

“To, ai su sun wanke.”

Wallahi ji na yi kamar in fasa ihu. Sati bai zagayo ba ta sa hannu a takarda. Aka cike rijiyar da ɓaraguzai, aka kafa ginshiƙai. Kawu ya yi wata biyu yana turo ruwa a kura daga famfon unguwa, bayansa ya riƙe, ya haƙura.

Yanzu tattasan kantin daga nesa ake kawo shi. Ga girma, ga ƙyalli, amma in ka yanka ruwa ne zalla. Kullum Mama tana mita a kan tukunya, wai abinci ya daina ƙamshi, ita ba ta san me ya sami duniya ba. Ni kan fice daga kicin kafin bakina ya ja min.

Jiya ta aike ni wurin Kawu, ko yana da ɗan na gida mai kyau. Na same shi zaune a ƙofar ɗaki, wuƙar tana rataye a ƙusa, ta fara tsatsa. Na isar da saƙo. 

“Ki ce mata akwai,” in ji shi. “Yana ƙarƙashin siminti, ta je ta ɗiba.”