Makon da Ya Koma Alhamis

Ɗakina yana saman gidan abincin Sora Ermelinda a unguwar Garbatella, cikin birnin Rum, don haka da hanci nake sanin ranakun mako. Juma'a ƙamshin kifi, Asabar tumbin sa. Alhamis kuwa tun da sassafe tururin dankali ke hawowa ya lulluɓe gilashin tagata, har itatuwan tsakar gida su zama kamar a mafarki nake ganinsu.

Alhamis ranar nyokki ce, wato 'yan curin dankali, kowa a Rum ya san haka, amma Ermelinda ta riƙe abin tamkar farilla. Tun tana budurwa ta gaji murhun daga mahaifiyarta, ba ta yi aure ba, ba ta kuma taɓa cewa ta yi nadama ba. Gajera ce, ga faɗa kamar zakara. Takan murƙushe dankali da zafinsa, ta cuɗa da fulawa, ta yayyanka ƙanana, ta dangwala wa kowanne babban yatsa domin miyar tumatir ta sami wurin zama. In ta zuba su a tafasasshen ruwa sai su nutse, can kuma su riƙa tasowa ɗaya bayan ɗaya. Ban taɓa gajiya da kallon wannan ba.

Wata Talata limamin cocinmu ya roƙe ta kwano ɗaya. Ta ce, "Ranka ya daɗe, kai ma kakan matso da Ista zuwa Talata?" Haka ya haƙura da taliya.

Sor Amilcare tsohon direban bas ne. Kowace Alhamis yana zaune a teburin kusa da taga, da can tare da matarsa Tecla, bayan rasuwarta kuma shi kaɗai. Da tsufa ya fara taɓa masa tunani, sai 'yarsa Ornella da ke aiki a Milano ta gaya mana, mu 'yan unguwa, ƙiri-ƙiri cewa ranar da ya daina gane kwanaki za ta zo ta kai shi gidan kula da tsofaffi a can. Mu kuwa mun san in aka raba Amilcare da unguwar nan, an gama da shi.

Wata Litinin ya shigo da hularsa a hannu, ya zauna, ya ce a kawo nyokki.

"Sor Amilcare, yau Litinin fa," in ji Ermelinda. "Ko bas ɗinka ya wuce tasha ne?"

Muka yi dariya, shi bai yi ba. Ya dube mu ɗaya-ɗaya, ya tashi ya fita. Sai da la'asar sakaliya aka tsince shi a bakin kogi, yana tambayar masu wucewa hanyar gidansa.

Washegari na farka na tarar da tagata ta yi fari fat da tururi. Na sauko da silifa.

"Ermelinda, kin haukace? Talata ce!"

"Ke wa ya tambaye ki? Miƙo min fulawa."

Kwano ɗaya tak ta yi. Da Amilcare ya zo, ta dire masa, ta ce, "Ga shi, sarkin ƙorafi. In ya huce ba ruwana." Ya ci, ya suɗe miyar da burodi, ya ba ta labarin rigar da Tecla ta sa ranar da ya fara kawo ta nan, ya kama hanyar gida ba tare da ya ɓace ko sau ɗaya ba.

Daga nan mako ya narke mana, kowace rana ta zama Alhamis. Wanzami in ya gan shi sai ya ɗaga murya, "Barka da Alhamis, direba!" Mai jarida ya riƙa ninke masa ita yadda kwanan wata ba zai fito ba. Limamin ma ya shigo wata Laraba, ya leƙa kwanon, ya haɗiye yawu, ya wuce. Amilcare ya yi ƙiba, ya dawo da fito da baki da yake yi a da. Ni dai tausayi da tsoro suka haɗe min, domin na san labari ba ya kwana wuri ɗaya.

Ornella ta iso wata Talata da tsakar rana, tana jan akwati. Ta tsaya a ƙofa. Cokula suka tsaya. Ermelinda ta fito da fulawa har gwiwar hannu.

Amilcare ya ɗago, fuskarsa ta washe. "Ornella! Kin taki sa'a, 'yar nan, kin zo ran Alhamis."

Ta dubi kwanon, ta dubi wanzami da ya sunkuyar da kai, ta dube ni, sannan ta daɗe tana kallon hannun Ermelinda. Ta tura akwatin ƙarƙashin tebur, ta ja kujerar da mahaifiyarta ta saba zama a kai.

"Na sani, Baba," ta ce. "Shi ya sa na zo."

Ermelinda ta koma kicin da sauri tana faɗa wai ba a sanar da ita za a yi baƙi ba, tana goge ido da bayan hannu. Ruwan yana kan wuta, ta zuba kwano na biyu.