Haɓon Gidan Su Isyaku

Amsa 'yar Barebarin Gezawa ce. Aure ya kai ta gefen kogin Watari, gidan Isyaku mai noman rani. Shekara goma sha huɗu tana dashen albasa, tana wankin riguna masu jini.

A gidan nan kowa yana haɓo, kuma abin alfahari ne. Duk yaron da hancinsa ya fara zuba, Inna Hure, uwar Isyaku, sai ta yi guɗa ta dafa masa ƙwai, wai ya tabbata ɗan gida. Isyaku kuwa in ya daɗe a tsaye sai haki, leɓɓansa su yi baƙi. In ya kwanta sai ya warware. 'Yan uwansa suka sa masa suna Sarkin Tabarma.

Ranar da ya faɗi a bakin kwata yana ban ruwa bai cika arba'in ba. Ɓarin dama ya shanye, magana ta ɗauke. Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Da ƙyar aka kai shi Kano. Ba hawan jini, ba suga. Sai da wata likita ta tambayi Amsa zancen haɓo, aka ɗauki hoton ƙirjinsa. Ta ce huhu rariya ce mai tace jini, shi kuwa wasu jijiyoyinsa sun haɗe ta gefe, gudan jini ya bi ta nan ya toshe ƙwaƙwalwa. Ta ce abin gado ne, ana iya toshe hanyar tun da wuri, a kawo 'ya'yansa.

'Yarsu ɗaya ce, Ihsan, ita ma ta ci ƙwan Inna, kuma ta fara haki a hanyar makaranta.

Hure ta ce ba inda za a kai ta. In gari ya ji jininsu da cuta, wa zai auri 'yan matan gidan? Amsa ta roƙi yayyen miji, kowa ya sunkuyar da kai. Ta durƙusa gaban Isyaku ta faɗa masa, ya yi ta motsa baki, miyau kawai ke fita.

"In kika fita da ita, ki zarce Gezawa," in ji Hure.

"To, Inna."

Amsa ta ɗaure kayanta da na Ihsan a zane ɗaya. Wanda zai riƙa juya Isyaku a kan shimfiɗa, ba ta sani ba. Ba ta shiga ɗakin ta yi masa sallama ba, don ta san in ta shiga ba za ta fito ba.