Masu Azumin Ka'akiyya

A ɗakinmu na Utaibiyya ƙamshi ne ya fi ba ni tsoro. Mu biyu ne, ni da yayana, wanda ya kawo ni Makka na koyi gyaran mukayyif, na'urar sanyaya ɗaki, a hannunsa. Duk ranar da na turo ƙofa ƙamshin lemon tsami ya tare ni sai gabana ya faɗi, don na san ba shafawa ya yi ba. Kolonya ce, turaren nan mai araha, yake sirkawa da ruwa ya shanye. A garin da ba a sayar da giya, ita ta maye masa gurbinta.

Ni dama matsoraci ne, ko akuya ta yi tari sai na waiga. Ga shi ina kwana da abin da zai jawo mana bulala da tarhil, wato a tattara mutum a mayar da shi gida. Amma ba wannan ya fi tayar mini da hankali ba. Wata safiya muna aiki Yaya ya ɗago jar wayar lantarki ya ce, "Wannan baƙar ce ko?" Na sha jin cewa abin nan ido yake fara ci kafin ya ci rai.

To wa zan tambaya? Unguwa cike take da 'yan gida, ɗalibai da malamai, amma magana zarar bunu ce, kafin la'asar ta isa kunnen Innarmu a Sakkwato. Asibiti kuwa, a lokacin na ɗauka daga gadonsa sai hannun 'yan sanda.

Wani direban bas ɗan Damagaram ne ya gane mu, muna gyara masa mukayyif a Muzdalifa gab da aikin Hajji. Ya ga yadda hannun Yaya ke rawa, ya ja ni bayan mota.

"Juma'a bayan la'asar ka tafi unguwar Ka'akiyya, gidan da ke bayan mai facin taya. Ka ce masu azumi kake nema. Halas, ni ban gaya maka komai ba."

Ni kaɗai na tafi, ban sanar da Yaya ba. Duk hanya zuciyata na ce mini tarko ne. Aka shigar da ni wani ɗan ɗaki, na tarar da maza kaɗan zaune a kan darduma, kowa da kofin shayi a hannu, ga rana ba ta faɗi ba. Masu azumi ke nan! Wani dattijo mai furfura ya nuna mini wurin zama.

"Marhaba, ɗana. Azuminka ya yi nisa, ko yau ka ɗauka?"

"Baba, ni ba na azumi. Shinkafa ma na ci bayan masallaci."

Suka kwashe da dariya. Dattijon ya ce nasu ba na ciki ba ne, azumin kwalba ne. Kullum da asuba mutum ya ɗaura niyyar ranar kaɗai, Juma'a kuma su haɗu kowa ya faɗi yadda ya kwashe. Sai bakina ya riga hankalina.

"A'uzu billahi! Ai ni ban taɓa sha ba."

Wani ya miƙe ya leƙa taga, wani ya fara laluben takalmansa. Wani haifaffen Makka, wanda Hausarsa ba ta nuna ba, ya tare ƙofa ya ce, "Min arsalak? Wa ya aiko ka?" Sai a lokacin na gane sun ɗauke ni ɗan leƙen asiri. Ina tsoronsu, ashe sun fi ni tsoro. Na fashe da kuka, na zazzage musu komai, har maganar wayar. Na roƙe su su bar ni na riƙa zuwa a madadinsa, duk abin da aka faɗa na kai masa da dabara.

Dattijon ya bari na gama, sannan ya ce, "Ɗana, ba a yi wa mai rai azumi. Sai ya mutu ne 'yan'uwa ke rama masa. Ka je ka tambaye shi wanne yake so."

Ƙane ba ya faɗa wa yayansa irin wannan magana, amma na faɗa. Ya wurgo mini sifana, ya ce na tona masa asiri a garin mutane. Ya daina yi mini magana, ƙamshin kuma bai bar ɗakin ba. Kowace safiya sai na tsaya na ga ƙirjinsa na motsi kafin na tafi alwala.

Wata Juma'a ya sa takalmi, bai dube ni ba, ya ce, "Taso ka raka ni, ba na ganin hanya sosai."

A ƙofa suka tsayar da ni, suka ce zaman na masu azumi ne. Na zauna wurin mai faci, duk motar da ta rage gudu sai na miƙe tsaye.

Idon Yaya bai koma daidai ba, ya kuma karya azumin ba sau ɗaya ba. Amma har yau da kansa yake ɗaura niyyarsa, ban rama masa ko ɗaya ba.